Karen da Ya Fi Yarda da Shebur

A shekarun da na yi ina aiki a wani siton kaya kusa da Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda, aikina bai wuce na takardu ba. Larabci na karanta a jami'a a gida Najeriya, shi ya sa kafilina, wato Balaraben da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, take ƙarƙashin sunansa, wanda kuma shi ne mai siton, ya ba ni tebur a ɗan ofishin da ke bakin ƙofa. Ina duba takardun kayan da jirage suka sauke, ina kuma fassara wa 'yan kasuwarmu abin da ya shige musu duhu. Iyalina suna unguwar Hindawiyya. Da safe in fito, da yamma in koma, farar rigata ba ta taɓa sanin ƙurar sito ba.

A bayan siton akwai fili mai katanga, inda ake jibge katakan da ake ɗora kaya a kai. Yawancin shekara babu kowa a cikinsa sai maguna. Amma idan aikin Hajji ya matso, filin yakan cika maƙil da dammunan ciyawa da buhunan sha'ir, abincin tumakin da jirage ke kawowa daga Sudan. A wannan fili na yi jinyar kare, ni da ban taɓa kusantar kare da gangan ba tun da aka haife ni.

Wata safiya ce motar ɗaga kaya ta ja da baya ta take shi a bakin ƙofarmu. Ba karen kowa ba ne. Ɗaya ne daga cikin karnukan da ke yawo garke-garke a lungunan tashar, mai launin ƙasa, kunnensa ɗaya a tsage. Ƙafarsa ta baya ta karye, fatar cinyar ta ɗaye. Leburori suka taru suna kallo, ni ma na fito na tsaya a cikinsu. Babu wanda bai san irin ladan da ake faɗa game da jinƙan dabba ba, har wani ya ambata, muka gyaɗa kai gaba ɗaya, amma babu wanda ya motsa.

Abin da ya motsa ni ba kukansa ba ne, domin bai yi kuka ba. Jan jiki yake yi da ƙafafun gaba yana neman inuwar katanga, rana kuma tana ɗagawa, inuwar tana ja da baya. Duk lokacin da ya kai inda take, sai ya tarar ta matsa. Na tsaya ina kallon wannan har na kasa jurewa. Na shiga na ɗauko wani babban kwali na baje shi a ƙasa, na kira mai gadinmu ya kawo shebur.

Mai gadin dattijo ne mutumin Damagaram, wanda ya zo aikin Hajji tun yana saurayi bai koma ba. Baba muke ce masa, shi kuma yana ce mini Ustaz. Ya kawo shebur ɗinsa mai doguwar ƙota, wanda yake kwashe hatsin da ya zube da shi, muka tura karen a hankali bisa kwalin, muka ja shi zuwa filin baya.

"Ustaz," in ji Baba yana haki, "yanzu mun kawo shi. To sai me?"

Sai na tuna da wani likitan dabbobi da ke duba tumakin jirgi, wanda nake yi wa takardu. Ya zo da rana, ya yi wa karen allurar barci, ya ɗora ƙafar, ya ɗinke abin da zai ɗinku. Ya ce ƙashin zai haɗe idan an bar shi ya huta, amma ciwon cinyar sai an wanke shi kullum an sake naɗewa, in ba haka ba zai ruɓe. Ya miƙo mini kwalbar magani da ƙunshin bandeji, ya shiga motarsa.

Da kafilina ya ji labari, bai yi faɗa ba. Ya leƙa filin daga nesa, ya toshe hanci da gefen rawaninsa, ya ce: "Har ciyawa ta iso. Ranar da motar farko ta shigo filin nan, ba na son ganin kare. Halas, magana ta ƙare." Na gode masa, domin ya yi adalci. Amma na san abin da ke jiran gurgun kare a wajen katanga. 'Yan uwansa ba sa raga wa mai rauni, kuma gab da lokacin alhazai akan watsa nama mai guba a lungunan don rage su. Saboda haka tun ranar farko aikin ya kasu biyu: ya warke, kuma ya sami wanda zai ɗauke shi kafin ciyawa ta iso.

Ni mutum ne mai son tsari, sai na tsara jinyar yadda nake tsara takardu. Na kafa ƙusa a bangon filin, na rataye wata tsohuwar jallabiya da ba na sa ta sai don shi. Na samo takalmin roba, da baƙar safar hannu ta roba mai kaiwa gwiwar hannu, irin ta masu aikin ɗakin sanyin kifi. Abincinsa ragowar shinkafa ce da kawunan kaji daga wani gidan abinci na 'yan Yaman. Sai in zuba a bakin shebur, in tsaya daga ƙarshen ƙotar, in miƙa masa har gabansa. Kwanon ruwa ma da shebur nake tura shi. Idan lokacin wanke ciwo ya yi, Baba ya jefa masa buhu a ka ya danne shi, ni kuma in sa safar in kwance bandejin, in wanke da ruwan gishiri, in zuba magani. A nan ne na fara jin kukansa. Kuka ne mai shiga har cikin haƙori.

Na ji daɗin wannan tsari ƙwarai. Ko gashinsa ɗaya bai taɓa hawa farar rigata ba, yawunsa bai taɓa fatata ba, ban taɓa tsayawa salla da shakka a zuciyata ba. Har na riƙa jin cewa na gano hanyar yin alheri ba tare da na ɓata komai nawa ba.

Uwargida ba ta ga abin yabo a ciki ba. Ranar da na gaya mata, ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Malam, duk faɗin Jidda an rasa marar lafiyar da za ka yi wa jinya sai kare?"

"Shi ne ya faɗi a ƙofata."

"To Allah ya sa gobe kada jaki ya faɗi. Ɗakin nan ba zai ɗauke mu ba."

Bayan 'yan kwanaki na fara tarar da leda a rataye a hannun ƙofa da safe, da ƙanzo da ƙasusuwa a ciki. Da na yi mata godiya, sai ta ce ba don shi ta yi ba, zubar da abinci ne ba ta so.

Ciwon ya fara kamewa, nama ja mai kyau ya taso. Karen ya miƙe da ƙafa uku, daga baya ya fara ɗan dafa ta huɗun yana ɗagewa. Haƙarƙarinsa ya rufe. Na ga rabin aikin ya kusa ƙarewa, sai na fara cigiyar wanda zai ɗauke shi. Ba abu ne mai sauƙi ba a garin da mutanenmu ke zaune a ɗakunan haya, bene bisa bene. Baba ne ya tuna da wani Alhaji, Bahaushen Sudan, wanda ke da garken tumaki a bayan gari gefen hanyar Makka, kuma a sitonmu yake sayen ciyawa duk shekara. Karnukan jeji suna ɗauke masa 'yan raguna, tsohon karensa kuma ya mutu. Kare na tsaron dabbobi babu malamin da ya hana, saboda haka babu wanda zai harare shi a kansa.

Alhajin ya zo wata rana da hantsi. Dogo ne, baƙi, mai fara'a, Hausarsa tana tafiya tana tuntuɓe da Larabci. Ya tsaya ya ƙare wa karen kallo, ya ce ƙirjinsa mai faɗi ne, ɗingishin kuma ba komai ba ne, ba tsere zai sa shi ba. Sannan ya tattare rigarsa ya tsuguna, ya miƙa tafin hannunsa yana ɗan yi masa sautin kira da harshe.

Karen ya dubi hannun. Jikinsa ya ɗauki rawa, ya ja da baya har ya shige ƙarƙashin katako, ya yage leɓe haƙora suka bayyana, fitsari ya zubo masa. Ban taɓa ganinsa a haka ba, domin ban taɓa miƙa masa hannu ba.

Muna cikin wannan, Baba ya ɗauki shebur ɗin daga inda yake jingine, don kawai ya kawar da shi daga hanya. Bakin ƙarfen ya gogi siminti ya yi ƙara. Nan take karen ya fito daga ƙarƙashin katakon yana kaɗa wutsiya, ya ɗingisa ya wuce mu duka uku, ya je yana lasar bakin shebur, yana goga masa wuya.

Alhaji ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Ya Ustaz, ai wannan ba karenka ba ne. Karen shebur ne! In na ɗauke shi, sai na ɗauki shebur aiki, in yi masa iƙama, in zama kafilinsa."

Baba ma ya dara, ni kuma na yi yaƙe. Da Alhaji ya gama, ya share ido ya yi magana ta gaskiya. Ya ce karen da ba a iya kamawa ba shi da amfani a garke. Dole a cire masa kaska, dole a ja shi idan ya matsa wa ɗan rago, kuma iyalinsa suna shiga cikin dabbobin. Kare mai tsoron hannu, in ji shi, wata rana hannu zai ciza.

"Zan dawo ranar da ciyawa ta iso, in ɗauki kasona. In ya ci a tafin hannuna, yalla, mu tafi tare. In bai ci ba, wallahi ka yafe ni."

Bayan tafiyarsa na koma ofis na zauna, takardu a gabana ban ga ko harafi ɗaya ba. Lissafin karen daidai yake, babu kuskure a ciki. Duk wani daɗi da ya taɓa samu a filin nan a bakin ƙarfe ya zo masa. Duk wata azaba kuma hannu ne ya kawo ta, cikin baƙar roba, bayan an rufe masa ido. Ni na koya masa wannan darasi, kullum, cikin natsuwa da kiyaye lokaci.

Gyaran a fili yake: sai abinci ya zo masa a hannu, hannu tsirara. Sai na tambayi kaina abin da ya hana ni tun farko, kuma na ƙi karɓar amsar farko da ta zo mini, wato addini. A zauren mahaifina an karantar da mu cewa duk mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da kare ya sha a ciki sau bakwai bin umarni ne kawai. A Jidda yawancin waɗanda nake salla da su suna bin wata fahimtar, cewa yawun najasa ne, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ina girmama duka biyun. Amma ko a wadda ta fi tsanani, ba a ce kada a taɓa ba, cewa aka yi a wanke. Ruwa kuwa ga shi a famfo, ƙasa ga ta a ko'ina. Abin da ya rage, bayan na cire addini daga ciki, ƙyama ce zalla da na taso da ita, da kuma idon mutane. A ɗan masallacin layinmu ni ake turawa gaba idan liman bai zo ba, kuma ina son wannan turawar fiye da yadda nake nunawa.

Na yanke shawara cewa ƙyamata ba za ta zama sanadin komawarsa lungu ba.

Washegari na ɓoye shebur, na tsuguna da shinkafa a tafin hannuna. Bai fito ba. Na dawo da azahar, bai fito ba. Kwana ya yi da yunwa a ƙarƙashin katako, yana leƙen inda aka saba jingine abokinsa. Na gane cewa ba za a raba shi da shebur rana ɗaya ba. Idan ba zai zo wurin hannun ba, to sai hannun ya bi ta ƙotar ya je wurinsa.

Na aro zarto wurin kafintan layin. Na auna taƙi ɗaya daga ƙarshen ƙotar na yanke. Baba ya fito daga ɗakinsa ya same ni a kai.

"La ilaha illallahu! Ustaz, shebur ɗin nawa? Ka gyara ƙafar kare, ka zo ka guntule ta shebur?"

"Zan sa masa sabuwa, Baba."

"Bon, to shi ke nan. Mun gani. Mai ilimi dai ba ya rasa abin da zai lalata."

Haka muka ci gaba. In ciyar da shi da guntun ƙotar har ya daina kallon hannuna da ke riƙe da ita, sannan in sake yanke taƙi ɗaya. Safar robar na jefa ta a shara, domin warinta kaɗai yana sa shi rawar jiki, ciwon kuma ya riga ya rufe, ba ya bukatar wanki. Duk yankan da na yi, sai ya yi kwana ɗaya ko biyu yana ci yana harara, yana fizgar loma yana ja da baya. Sannan ya saba. Ina tsugune a rana, gumi yana bin bayana, ina yi masa magana a hankali da Hausa, duk abin da ya zo bakina. Guntayen ƙotar Baba ya riƙa tarawa a bakin ɗakinsa, wai shaida ce.

Wata safiya na hango jirgin tumaki na farko ya tsaya a tashar, iska ta kawo warinsu har ofis. A lokacin ƙotar ta ƙare, bakin ƙarfen kaɗai nake riƙewa, yatsuna suna gab da shinkafar. Ganin jirgin ya sa na yi gaggawa. Yana cikin ci, na ɗaga ɗaya hannun na kai masa bisa ka, ta sama, ta inda buhu yake sauko masa. Kafin in ankara ya kafa mini haƙori a gindin babban yatsa, ya saki, ya gudu.

Na sha allurai a asibiti. Uwargida ta kalli bandejin, ba ta yi wasa ba wannan karon.

"Malam, ka yi iya yinka. Allah ya gani. Yaranka suna bukatar hannun nan."

"Laifina ne, ba nasa ba. Ta sama na je masa."

"Shi zai gaya wa likita haka in ya sake?"

Tana da gaskiya. Na kwana ina juya maganar. Na tambayi kaina ko tausayi ne yake tura ni, ko kuwa taurin kan mutumin da ba ya son a ce ya fara abu ya kasa. Har yau ban tabbatar da rabon kowanne a ciki ba. Abin da na sani shi ne, ko wanne ne, karen bai damu ba, kuma ciyawa tana hanya. Da safe ledar tana rataye a hannun ƙofa kamar kullum. Na ɗauka na fita.

Na ɗaura wa bakin shebur ɗin ɗaya daga cikin guntayen da Baba ya tara, na koma baya taƙi ɗaya, na sake farawa. Wannan karon ban ƙara ɗaga hannu sama da haɓarsa ba. Da muka dawo kan ƙarfen zalla, sai na fara shimfiɗa tafin hannuna a cikinsa, in zuba shinkafar a kai. Ya daɗe yana tsaye yana shinshina. Sannan ya sunkuya ya ci ta gefe-gefe, inda ƙarfe yake, ya bar ta tsakiya. Rana ta gaba yunwa ta kai shi tsakiyar.

Ba zan ce na ji daɗi ba. Harshensa da ɗumi, da kaushi, da yauƙi, ya bi tsakanin yatsuna. Duk abin da aka gina ni da shi yana ce mini in janye. Na kafa idona a kan katanga, na bar hannun a inda yake har ya lashe shi tas. Daga baya na zare ƙarfen daga ƙarƙashi, bai ma lura ba.

Na ajiye gwangwanin yashi a gefen famfo. Duk bayan ciyarwa in wanke sau bakwai, ɗaya da yashin, a fili inda kowa zai gani, domin wanda zai tsaya kusa da ni a sahu ya sami natsuwa. Fatar hannuna ta bushe ta tsattsage. Duk da haka wasu suka koma gaishe ni da hannu a ƙirji, kuma ranar da liman bai zo ba aka tura wani. Abin ya sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Na bi shi salla, na dawo na ɗauki ledar ƙanzo.

Sai kuma wani tunani ya zo mini wanda ya hana ni murna. Idan hannuna kaɗai ya yarda da shi, to ban yi komai ba, na zama sabon shebur ne kawai. Ba a tafina Alhaji ya ce ya ci ba. Ana bukatar hannu na biyu, kuma babu wani a filin sai Baba.

"Ni?" in ji shi. "Ni da na riƙa danne shi da buhu? Ai ni zai fara cinyewa, ya bar shinkafar."

"Shi ya sa, Baba. In ya yarda da naka, zai yarda da na kowa."

"Ustaz, shekaruna sun wuce na wasa da kare."

Ban matsa masa ba. Na ci gaba da ciyarwa, shi kuma yana zaune a kan bencinsa yana jan carbi, yana yi kamar ba ya kallo. Wata rana bayan la'asar ya taso da kansa, ya naɗe hannun riga, ya ce yanzu ne daidai, domin akwai lokacin wanka kafin magariba. Ya tsuguna, ya miƙa hannu, ya kau da fuska gefe kamar wanda za a yi wa allura, yana ta neman tsari a ƙasan maƙoshi. Karen ya zagaya shi, ya koma, ya sake zagayowa. Ranar bai ci ba. Baba ya ji haushi ƙwarai.

"Ni zai wulaƙanta? Gobe ma ina nan."

Ya dawo goben, da jibin. Ranar da karen ya ci a hannunsa, Baba ya yi wanka ya canza riga, sannan ya zo ofis ya gaya mini cewa dabbar tana da hankali, ta san babba.

Motocin ciyawa suka iso da sassafe, suka yi layi a bakin ƙofa. Kafilina ya zo da kansa. Ya tsaya a ƙofar filin yana duban agogo. Alhaji ya shigo da a-kori-kurarsa, ya sauko da 'yar tsokar nama a hannu. Amma ƙarar motocin ɗaga kaya ta cika wurin, irin motar da ta take shi, karen kuwa ya shige can ƙarƙashin katako, ido kaɗai ake gani.

Alhaji ya tsuguna ya miƙa hannu, ƙasa-ƙasa. Karen bai fito ba. Direbobi suka fara danna oda. Bakin shebur ɗin yana ofis a ƙarƙashin teburina, kuma na san idan na goga shi a siminti sau ɗaya zai fito da gudu. Har na juya. Sai na tsaya, domin fitowar da zai yi ba wurin Alhaji zai yi ta ba. Na je wurin kafilina na roƙe shi a kashe injunan na ɗan lokaci. Ya dube ni, ya dubi bandejin da ya rage a yatsana, ya ɗaga wa direbobin hannu. Wurin ya yi tsit.

Karen ya fito da kai, sannan kafaɗu. Ni ya fara nufa. Wannan ne abu mafi wuya da na yi a duk jinyar: na mayar da hannuwana baya na harɗe su, na ɗaga kai na kalli katanga. Na ji hancinsa a gefen jallabiyata, yana nema. Ban motsa ba. Ya je wurin Baba, Baba ma ya tura hannuwansa cikin aljihu yana kallon sama. Hannu ɗaya ne kawai a buɗe a duk filin.

Ya tsaya a tsakaninmu, ƙafar nan a ɗan ɗage. Sannan ya ɗingisa zuwa wurin Alhaji, ya miƙa wuya daga nesa, ya fizgi naman ya ja da baya. Alhaji bai janye hannun ba. Karen ya haɗiye, ya dawo, ya lashi tafin. A hankali yatsun suka zame ƙarƙashin haɓarsa suna susa, suka bi wuya, suka tsaya a bayan tsagaggen kunnen. Alhaji ya cire wani abu ya ɗaga mana.

"Kaska," in ji shi. "Shebur bai gaya muku ba?"

Ya zura masa igiya a wuya, ya rungume shi kamar ɗan rago ya sa a gaban mota, aka loda masa ciyawarsa a baya. Kafin ƙurarsa ta kwanta motar farko ta shigo filin. Da azahar na kawo sabuwar ƙota daga wurin kafinta, Baba ya kafa ta, ya gwada nauyinta, ya ce ba ta kai tsohuwar ba. Da ita ya kwashe sha'ir ɗin da ya zube ranar.

Sau ɗaya na je ganinsa, bayan alhazai sun watse. Na same shi kwance a inuwar rumfa, tumaki kewaye da shi. Ya ɗaga kai, ya taso da ɗingishinsa, ya shinshina hannuna, ya lasa sau ɗaya. Da ya ga babu komai a ciki, sai ya koma ya kwanta a gefen ƙafar Alhaji. Alhaji ya miƙo mini buta, ya nuna mini ƙasa da haɓa, ya ce ita dai ba ta ƙarewa a nan. Na tsuguna na wanke, sannan muka shiga shan shayi.